Telan Deep Space Nine: Garak ya tuba ne, ko dama ce ta ƙwace masa?

Sagiru_K ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Gargaɗi tukuna: wanda bai gama kallon Star Trek: Deep Space Nine ba ya dakata nan, domin zan fasa ƙwai tun daga zango na farko har na bakwai.

Maganar Garak ce ta tsaya min a rai. Ga wanda ya kwana biyu bai kalla ba, shi ne ɗan Cardassia ɗaya tilo da ya rage a tashar bayan sojojin ƙasarsa sun tattara komatsansu sun bar Bajor, duniyar da suka mamaye wajen shekara 50 suna kwasar arzikinta suna bautar da mutanenta. Ya buɗe shagon ɗinki a tsakiyar kasuwar tashar, cikin mutanen da ko inuwarsa ba sa son gani. Ka tambaye shi ko shi wane ne, sai ya yi murmushi ya ce shi fa tela ne, ba wani abu ba. Babu wanda ya yarda, shi ma ba ya so a yarda. A hankali ake ganewa cewa tsohon jami'i ne a Obsidian Order, 'yan sandan cikin Cardassia da ko manyan hafsoshin soja ke shakkarsu, kuma ɗan gaban goshin shugabansu, Enabran Tain. An kore shi daga gida, har aka rufe shirin a 1999 ba a taɓa faɗin takamaiman laifinsa ba.

Ni dai ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Cikin kashi 176 da shirin yake da su, a 37 kacal Andrew Robinson ya fito, amma duk sanda aka nuno shi da Likita Bashir a teburin abincin rana sai na gyara zama. To son nan shi ne yake damuna. Idan na ajiye daɗin bakinsa gefe, na ƙirga abin da ya aikata a gaban idonmu, ba wanda aka ba mu labari ba, sai in rasa dalilin son.

Ku ɗauki "Improbable Cause" da "The Die Is Cast" a zango na 3. An turo makashi ya gama da shi, ya gane, sai ya tayar da bam a shagonsa da hannunsa don ya jawo Odo, shugaban tsaron tashar, cikin binciken. Suka bi sawu har suka cim ma Tain a jirgin yaƙin Romulawa, tsohon kuma ya amsa a gabansa cewa eh, shi ya sa a kashe shi. Daga nan ya ce masa ya dawo bakin aiki. Garak bai ce bari in yi shawara ba, ya miƙa hannu suka gaisa. Aikin farko da ya faɗo masa shi ne ya matsi Odo, mutumin da ya rako shi wannan tafiya. Kun san Odo mai rikiɗa ne, duk bayan awa 16 dole ya narke ya koma ruwa ya huta. Garak ya kunna na'urar da ke hana shi narkewa, ya zauna yana kallon fatar mutumin tana tsattsagewa tana zuba. Na san abin da za ku ce: ai roƙonsa yake yi ya faɗi wani abu ko da ƙarya ce don a kashe na'urar, kuma da Odo ya furta cewa yana begen komawa cikin danginsa, Garak ya rufa masa asiri, ya ce wa Tain bai samu komai ba. Na ga duk wannan. Amma wa ya kunna? Tain ma ya ba shi hanyar zamewa, ya ce a bar wa Romulawa aikin, shi ya ce a'a, fursunansa ne, shi zai yi.

Sai "Broken Link" a ƙarshen zango na 4. Shugabar Founders, wato dangin Odo masu rikiɗa da ke mulkin daular Dominion, ta gaya masa cewa mutanen Tain da suka kai musu hari sun mutu, Cardassia ma ta ɗauki kanta matacciya. Sai ya lallaɓa cikin jirgin Defiant yana ƙoƙarin karkata makamansa ya ƙone duniyar Founders ƙurmus, alhali Sisko, kyaftin ɗin tashar, da Odo da Bashir suna can ƙasa. Bashir fa, abokinsa ɗaya tilo. Da Worf bai ritsa shi ba da an gama. Hukuncinsa wata 6 a tsare. Ya fito ya koma kan ɗinkinsa, aka ci gaba da cin abincin rana.

Wanda ya fi ci min rai ma ƙarami ne. A "Things Past" sun tsinci kansu a zamanin mamaya a matsayin leburori Bajorawa, an sa su aikin goge-goge a mashayar Quark, sai Garak ya buɗi baki ya ce ai Bajorawa sun fi dacewa da irin wannan aiki, bauta a jininsu take. Zango na 5 ke nan, bayan ya yi shekaru a cikinsu yana auna musu riga yana karɓar kuɗinsu.

Ga tambayata. Mutumin nan ya canja ne, ko kuwa an ƙwace masa wuƙa aka bar shi da almakashi, mu kuma muka ɗauka tuba ce? Zargin da nake yi, korar ce ta wanke shi a idonmu. Kullum shi kaɗai muke ganinsa, sanyin tashar na damunsa, haskenta na kashe masa ido, kowa na harararsa, sai tausayi ya rufe mu. Gul Dukat, wanda ya mulki Bajor lokacin mamaya, an nuna mana waɗanda ya zalunta da fuskokinsu da sunayensu, har mahaifiyar Kira, 'yar Bajor mataimakiyar Sisko. Na Garak daga zamanin da yake da iko ba a nuna mana ko ɗaya ba, sai dai a ba da labari ana nishaɗi, irin na Likita Parmak da Tain ya ce Garak ya zuba wa ido awa 4 bai ce uffan ba har mutumin ya amsa laifi. Da an ba wa likitan nan kashi guda nasa na kansa, anya za mu ci gaba da tafa wa tela?

Baba_Ilu ya amsa:

Wa alaikumus salam Sagiru. Zaɓi biyu ka ba mu, ni kuma ban ga Garak a ko ɗaya ba. Bai tuba ba, ba kuma laɓewa ya yi yana jiran dama ba. Abu guda yake bauta wa tun daga "Past Prologue" a 1993 har zuwa kashin ƙarshe, shi ne Cardassia. Ba gwamnatin da ke kan mulki a lokacin ba, ita kanta ƙasar. Ka auna ayyukansa da wannan ka ga ko lissafin bai fita ba.

A "The Way of the Warrior", 'yan Klingon sun ɗaura aniyar afka wa Cardassia. Sisko ba shi da ikon yi musu gargaɗi a hukumance tunda Tarayya (Federation), haɗakar duniyoyin da yake wa aiki, ƙawar Klingon ce, sai ya kira tela ya zo ya auna shi ana tsakiyar taron. Garak ya auna, ya ji abin da ake so ya ji, ya je ya kira wa? Dukat. Mutumin da ke riƙe da shi a zuciya kan mutuwar mahaifinsa, wanda da za a ba shi dama shi zai fara rataye Garak. Ƙarshe ma kafaɗa da kafaɗa suka tsaya da bindiga suna kare 'yan majalisar farar hular Cardassia. Abin da ya yi a "Broken Link" da ka kawo ma daga wannan tushen yake. An ce masa ƙasarsa matacciya ce, sai ya ga ran abokinsa da nasa ran ba su kai komai ba idan za a tsare ta. Ka tuna shi ma ba zai fita da rai ba da abin ya yiwu.

Kada kuma ka manta inda ya taso. Littafin da ya ba Bashir yana cewa shi ne ƙololuwar adabinsu, labarin zuri'a bakwai ne na gida ɗaya, kowane ya yi wa ƙasa hidima, ya tsufa, ya mutu, na bayansa ya ɗora. Bashir ya ce ya gundure shi, Garak ya ji haushi da gaske. A kotunsu kuwa kafin a fara shari'a an riga an yanke hukunci, mun ga yadda aka yi da O'Brien a "Tribunal". Wanda aka rene shi a haka, "laifi" a wurinsa shi ne ka gaza wa ƙasa, ba ka cuci mutum ba.

Hujjata mafi ƙarfi tana "Afterimage", zango na 7. Lokacin Cardassia ta shiga ƙarƙashin Dominion, Garak yana warware wa Starfleet, rundunar Tarayya, saƙonnin sirrin sojojin ƙasarsa. Sai ciwonsa na tsoron ƙuntataccen wuri ya tashi, har ya kai ga yana neman buɗe ƙofar da ke fita sararin samaniya. Ezri Dax, mai ba da shawara ta tashar, ta yi ta tono, a ƙarshe ya amayar da abin: duk saƙon da ya warware, 'yan ƙasarsa ne za su mutu, shi a ganinsa maci amana ne. To ka duba. Mutumin da ya kashe sanatan Romulawa a "In the Pale Moonlight" ya koma shago hankalinsa kwance, shi ne ya zube a kan wannan. Ashe yana da zuciyar da ke tuhumarsa, sai dai iyakarta ita ce iyakar Cardassia. Wanda ke wajen layin, idan Garak ya tausaya masa alfarma ce, ba wai yana ganin hakkinsa ba ne.

Zan ba ka abu guda da ke ƙarfafa zarginka, don adalci. A "Profit and Loss" shi ya kai tsegumin ɗaliban nan masu adawa da mulkin soja yana fatan a bar shi ya koma gida, kuma ya tare su da makami. Sai da Gul Toran ya nuna masa alkawarin ƙarya ne sannan ya harbe Toran ya sake su, ya ce don yana son Cardassia ne. Da Toran ya cika alkawari fa? Marubutan sun bar mu a nan da gangan.

Hajjo ta amsa:

Baba Ilu, da girmamawa, ni ina ganin kun tsaya a suna kun bar fuska. Idan Garak ya ce Cardassia, rabin lokaci Tain yake nufi.

Ku koma "The Wire". An dasa masa wata na'ura a ƙwaƙwalwa tun yana aiki, wadda ke juya azaba ta zama daɗi don kada a tatsi sirri a bakinsa idan an kama shi. Zaman tashar ya ishe shi, sai ya kunna ta ya bar ta a kunne shekara 2, har ta fara lalacewa tana neman ransa. Cikin wannan hali ya ba Bashir labari uku kan dalilin korarsa. Na farko, ya sa an kakkaɓo jirgin da fursunoni suka ɓuya a ciki, da farar hula da yawa, har da hadiminsa Elim. Na biyu, an kawo musu yara Bajorawa su yi musu tambayoyi shi da Elim, yunwa da sanyi suka ishe shi, ya ga aikin banza ne, ya ba su kuɗin aljihunsa ya sake su. Na uku, Elim amininsa ne, ya shirya ya ɗora masa laifi sai ya tarar Elim ya riga shi. Da Bashir ya je wurin Tain neman magani ya tambayi labarin Elim, tsohon ya yi dariya ya ce ai sunan Garak ne na yanka. Ke nan a na farko ya kashe kansa, a na uku ya ci amanar kansa. Shi ya sa da Bashir ya tambaye shi wanne ne gaskiya ya ce duka, musamman ma ƙarairayin. Ni ban ɗauki wannan a matsayin wasa da hankali ba.

Me Tain ya ce da ya ba da maganin? Ba ya so Garak ya mutu, so yake ya yi tsawon rai cikin ƙunci, tsakanin mutanen da suka tsane shi. Wannan mahaifinsa ne fa. Ba mu sani ba sai a zango na 5, a sansanin fursunoni na 371, inda Garak ya je (har ya yi niyyar satar jirgi aka kama shi) don ceton mutumin da ya sa a kashe shi. Tain yana kan gargara, idonsa ya daina gani, ya tambaya ko su kaɗai ne. Garak ya ce eh, alhali Bashir na zaune a gefe. Abu ɗaya ya roƙa, ya amsa cewa shi ɗansa ne. Tsohon ya ce masa da ma ya kashe uwarsa kafin ta haife shi, domin shi rauni ne gare shi. Sai daga ƙarshe ya tuno wata rana guda, Garak bai cika shekara 5 ba, yana ta faɗowa daga kan dabbar hawa yana sake hawa, ya ce ya yi alfahari da shi ran nan. Rana guda a duk rayuwa. Shi ne kuma yake kulle shi a ɗan akurkin ɗaki yana yaro idan ya yi laifi.

To Malam Sagiru, hannun da ka ga ya miƙa a jirgin Romulawa ba na jami'in da ke kwaɗayin muƙami ba ne kaɗai. Ka lura da jirgin ya kama da wuta ƙin fita ya yi, sai da Odo ya naushe shi ya suma ya ja shi waje. Ban ce wannan uzuri ba ne. Mutane da yawa sun taso hannun mugun uba ba su zama masu azabtarwa ba.

Inda nake tare da kai shi ne nan. A "The Wire" ya roƙi Bashir ya yafe masa, Bashir ya riƙe hannunsa ya ce ya yafe masa ko me ya aikata. Da wane hakki? Ba shi aka cuta ba, bai ma san laifin ba. Abin da mu 'yan kallo muke yi ke nan tun daga ranar.

Likita Parmak da ka ambata yana cikin littafin da Robinson ya rubuta da kansa, A Stitch in Time, wanda ya fito a 2000. Bayan yaƙi su biyun suna aiki tare cikin ɓaraguzan Cardassia. Ka nema ka karanta.

Mudi99 ya amsa:

Kuna ta binciken tela kun bar kyaftin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"In the Pale Moonlight", 1998. Wa ya je wurin wa? Tarayya na shan kashi a hannun Dominion, duniyar Betazed ta faɗi, duk Juma'a Sisko na liƙa sunayen matattu. Shi ya nemi Garak ya ce yana so a jawo Romulawa cikin yaƙi. Shi ya sa aka fito da mai haɗa jabu, Tolar, daga hannun 'yan Klingon da ke shirin kashe shi. Da Tolar ya daɓa wa Quark wuƙa, shi ya ba Quark cin hanci ya yi shiru. Shi ya zauna gaban Sanata Vreenak ya shirga masa ƙarya cewa Dominion na shirin mamaye Romulus. Vreenak ya gano shaidar jabu ce ya tafi a fusace, jirginsa ya tarwatse a hanya. Sai Sisko ya zo yana huci yana naushin Garak a shagonsa. Garak yana share jini ya gaya masa gaskiya: ka zo wurina ne don ka san zan iya abin da kai ba za ka iya ba. Ƙarshe oga ya zauna ya ce zai iya rayuwa da abin, ya goge bayanin da ya naɗa. Starfleet ma da saninsu aka fara shirin jabun.

Kisan ƙare dangi da kuke cewa ya yi niyya a "Broken Link", ai Section 31, ƙungiyar leƙen asirin ɓoye ta Tarayya, ba a niyya ta tsaya ba, aikatawa ta yi. Sun sa wa Odo cuta ya kai wa danginsa, da aka samo magani kuma majalisar Tarayya ta ce ba za a ba Founders ba. Wa ya yi wata 6 a cikinsu? Bambancin Garak da su, shi ba ya cewa hannunsa tsaf yake.

Sagiru_K ya sake rubutawa:

Na gode muku duka.

Mudi, laifin Sisko ba ya rage na Garak, sai dai ya zama masu laifi biyu. Kuma wannan kashin da kowa ke yabo shi ne ya fi nuna abin da nake faɗi. Ka saurari lissafin da ya yi wa Sisko: ran sanata ɗaya, ran mai laifi ɗaya, da mutuncin hafsa ɗaya, ya ce ai an yi araha. Vreenak shi kaɗai ya tuƙo jirgin? Mun ga dogarawansa da idonmu, ba su shiga lissafi ba. Sojojin Romulawa da suka mutu daga baya a yaƙin da aka shigar da su kan ƙarya su ma ba su shiga ba. Ya iya zaɓen abin da zai ƙirga, kuma yana faɗi da daɗin da sai ka gyaɗa kai kafin ka tuna. Cewa ba ya ɓoye halinsa ma ban yarda ba. Mugunta ɗaya yake nuna maka a fili don kada ka tambayi sauran.

Baba Ilu, maganarku ta iyakar Cardassia ta zauna min, amma idan haka ne ai ta fi muni. Dukat ma cewa yake don Cardassia ya yi komai. Da me suka bambanta, ban da cewa ɗaya yana so Bajorawa su gina masa mutum-mutumi, ɗayan kuma bai damu da su ba ko kaɗan? Kishin ƙasar ma akwai inda yake tsayawa. A kashin "Cardassians" sun je gidan marayu a Bajor, yaran Cardassia da aka bari a baya suka tambaye shi ko ya zo ya mayar da su gida ne, ya ce a'a, daga baya ya yi wa Bashir bayani cewa maraya ba shi da matsayi a al'ummarsu. Fuskarsa ta canja, na gani, amma ko sau ɗaya bai sake tayar da zancensu ba.

Hajjo, littafin zan nema, sai dai an ce wasiƙa ce Garak yake rubuta wa Bashir. Wato shi ne mai ba da labari, shi ne mai kawo shaida, har da yadda Parmak ya ɗauke shi. Mutumin da aka ba shi tatsuniyar yaron da ke ihun ƙarya cewa kerkeci ya zo, ya ce darasinta shi ne kada ka maimaita ƙarya ɗaya sau biyu.

Wuri guda ne nake ganin wani abu ya motsa, kuma ba a bakinsa ba ne. A ƙarshen zango na 7 an tura Kira ta koya wa 'yan tawayen Cardassia da Damar ke jagoranta yaƙin sunƙuru, Garak yana ƙarƙashinta, yana karɓar umarnin 'yar Bajor. Damar ɗin nan shi ya harbe Ziyal, yarinyar da ke son Garak, Garak ya haɗiye ya yi aiki da shi. Da Rusot, na hannun daman Damar, ya ɗora wa Kira bindiga, Garak ya ɗora tasa a kan Rusot, ɗan ƙasarsa. Wanda ya ce bauta a jininsu take ba zai yi haka ba. Sai dai ko nan Baba zai ce ai ya ga ba Kira ba tawaye, kuma ba ni da abin da zan ƙaryata shi da shi. A hirarsa ta ƙarshe da Bashir, bayan an kashe Mila, mai kula da gidan Tain, an ce mutum sama da miliyan 800 sun mutu a Cardassia, ya ce tarihinsu duk girman kai ne da cin zali, wasu za su ce abin da suka shuka suka girba. "Mu" ya ce, bai ce "ni" ba. Ban taɓa jin ya tsaya gaban Bajore ɗaya ya ce na cuce ku ba. Ya koma gida, Obsidian Order ta rushe, Tain ya mutu, Mila ta mutu, duk wanda ya san abin da ya yi ya tafi. Kuna kiran wannan hukunci, ni ina ganin har da sa'a a ciki.

Mudi99 ya ƙara:

Tunda lissafi kake so Sagiru, ga wani da ba a taɓa rufewa ba. Garak ya ce wa Sisko duk mutanensa na Cardassia da ya tuntuɓa an kashe su cikin kwana ɗaya, shi ya sa dole a koma ga jabu. Wa ya ga gawarsu? Bakinsa kawai muka ji. Ya ce mai sayar da sandar ajiye bayanan da za a naɗi shaidar jabun a kai yana son lita 200 ta wani sinadari da doka ta tsaurara a kansa, aka daidaita a lita 85. Bashir ya ƙi, ya ce ana iya haɗa mugun makami da shi, sai da Sisko ya ba shi umarni a rubuce. Mai sayen ba a nuna shi ba, ba a faɗi sunansa ba. Ku sake kallon kashin ku gaya min inda lita 85 ɗin nan ta shiga.